Tambayoyi da Amsoshi kan Dillalin Saƙo Tsakanin Manhajar Tebur da Sabar Cibiya

Da yawa daga cikin manhajojin da ake aiki da su a shagunan magani, ƙananan asibitoci, makarantu da manyan kantuna a Jos har yanzu manhajojin tebur ne, waɗanda ake girkawa a kwamfutar kashiya ko ta akawu. Wahalar takan fara ne ranar da mai harkar ya buɗe reshe na biyu, ya ce yana son ganin cinikin ko'ina daga wuri guda. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu haɗa manhaja suka fi yi idan aka kai wannan gaɓa. Domin bayani ya zauna, za a riƙa kafa misali da shagon magani mai rassa uku, ɗaya a Terminus, ɗaya a Bukuru, ɗaya a Farin Gada, da sabar cibiya guda mai riƙe da lissafin kaya da na kuɗi.

Mene ne dillalin saƙo, kuma yaya yake aiki?

Dillalin saƙo manhaja ce da ke zaune tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Maimakon kwamfutar reshe ta kira sabar cibiya ta tsaya jiran amsa, sai ta rubuta abin da ya faru a matsayin saƙo, misali cewa an sayar da kwali biyu na wani magani a kan kuɗi kaza, ta miƙa wa dillalin. Shi kuma ya jera saƙon a layi, manhajar cibiya ta ɗauka lokacin da take da hali, ta yi aikin, ta shaida masa cewa ta gama, sannan ya goge. Duk wanda ya taɓa aika kaya Kano daga tashar Bauchi Road ya san wannan tsari, domin ba sai mai aikawa da mai karɓa sun haɗu ba, ana damƙa kayan a ofishin tasha a karɓi rasit, wanda aka aika wa kuma ya je ya karɓa idan ya sami sarari.

A RabbitMQ, ɗaya daga cikin sanannun dillalan saƙo, saƙo ba ya faɗawa layi kai tsaye. Yana fara isa wata mararraba ce, wadda ke duba alamar hanyar da aka liƙa masa ta zuba shi a layi ɗaya ko a layuka da dama. Amfanin wannan yana da girma, domin saƙon ciniki guda zai iya zuwa wurin manhajar sito, da ta lissafin kuɗi, da wadda ke tura wa manaja rahoto a waya, ba tare da kwamfutar reshe ta san da zaman ko ɗaya daga cikinsu ba. In an ƙara manhaja ta huɗu bayan shekara guda, babu wanda zai je Bukuru ya taɓa kwamfutar kashiya.

Manhajarmu tana haɗuwa kai tsaye da MySQL ko SQL Server ta intanet, kuma tana aiki. Me ya sa za mu canza?

Tana aiki ne muddin sabis yana da kyau kuma babu wanda ya sa mata ido. Tsarin yana tilasta a bar ƙofar rumbun bayanai a buɗe ga duniya, wato 3306 ga MySQL ko 1433 ga SQL Server, waɗannan kuwa ƙofofi ne da masu kutse ke lalube dare da rana. Yana kuma tilasta a saka kalmar sirrin rumbun cikin kowace kwamfutar reshe, ta yadda wanda ya kwafi manhajar a filashi ya tafi da mabuɗin lissafin kamfanin gaba ɗaya. Sannan idan sabis ya yanke ana tsakiyar ciniki, allo yakan daskare, layin masu saye ya yi tsawo, kashiya ta koma rubutu a littafi. Gaskiya ita ce, ba dillali kaɗai ke magance wannan ba. Sanya manhajar HTTP, wato mai amfani da hanyar sadarwar da shafukan intanet ke bi, a gaban rumbun ma yana toshe ɓarakar tsaron. Abin da dillali ya ƙara shi ne raba lokacin mai aikawa da na mai karɓa, ta yadda kashe sabar cibiya domin gyara ba zai tsayar da ciniki a rassa ba.

Idan sabis ya ɗauke a reshe, dillalin zai riƙe mana saƙonnin har ya dawo?

A'a, kuma a nan ne mafi yawan ayyuka suke karyewa. Dillali yana riƙe saƙon da ya iso hannunsa ne kawai. Idan sabar cibiya ce ta faɗi, saƙonni za su taru a layi su jira ta. Amma idan modem ɗin Farin Gada ne ya rasa sabis, ko data ta ƙare, ko wuta ta ɗauke batirin inbata ya sauka, to saƙon bai ma bar shagon ba, kuma babu abin da dillali zai iya yi a kansa. A yanayinmu wannan matsala ta biyu ita ce ta yau da kullum, ta farkon kuwa jifa-jifa take zuwa.

Saboda haka dole manhajar tebur ta kasance tana da nata akwatin jiran fita. Hanyar da ta fi inganci ita ce a ajiye ƙaramin rumbun SQLite a kwamfutar, a rubuta cinikin da kuma saƙon da za a aika a cikin rubutu guda wanda ko dai ya shiga duka ko kuma ya faɗi duka. Da zarar an yi wannan, kashiya ta buga rasit ta sallami mai saye, domin aikinta ya ƙare. Wani ɓangaren manhajar da ke aiki a ɓoye shi zai riƙa duba akwatin, ya aika abin da ya tarar, kuma ba zai yi wa saƙo alamar ya tafi ba sai dillalin ya dawo da tabbacin cewa ya karɓa. RabbitMQ yana da wannan tabbaci, amma sai an kunna shi, kuma ana yawan mantawa. Akwai kuma abubuwa biyu da sai an haɗa su kafin saƙo ya tsira idan dillalin kansa ya mutu ya tashi: a ayyana layin a matsayin mai ɗorewa, a kuma yi wa saƙon alamar a rubuta shi a faifai. Ɗaya ba ya wadatarwa ba tare da ɗayan ba.

Sake haɗuwa ma yana buƙatar tunani. Kada manhaja ta riƙa ƙwanƙwasa ƙofa babu ƙaƙƙautawa. Ta jira daƙiƙa ɗaya, sannan biyu, sannan huɗu, har zuwa wani iyaka, a kuma ɗan sassaɓa lokacin tsakanin kwamfutoci, domin idan sabis ya dawo wa gari lokaci guda kada duk rassa su afka wa dillalin a daƙiƙa ɗaya. Haka nan kada a kashe ɗan saƙon gaisuwar da ɓangarorin biyu ke yi wa juna domin tabbatar da cewa layin yana raye, wanda RabbitMQ ya tsayar da wa'adinsa a daƙiƙa 60 tun daga tushe. Na'urorin kamfanonin waya sukan yanke haɗin da ya yi shiru ba tare da sanar da kowa ba, manhaja kuwa ta ci gaba da zaton tana haɗe.

Mun ga ciniki ɗaya ya shiga lissafi sau biyu. Laifin dillalin ne?

Ba laifinsa ba ne, ɗabi'ar tsarin ce, kuma duk wanda ya shiga wannan aiki ya kamata ya karɓe ta tun farko. A ɗauka kwamfutar Bukuru ta aika saƙo, dillalin ya karɓa ya ajiye, ya turo tabbaci, sai sabis ya yanke kafin tabbacin ya iso. Kwamfutar ba ta da hanyar sanin ko saƙon ne ya ɓace ko tabbacin, don haka abin da ya dace ta yi shi ne ta sake aikawa. Irin haka yana faruwa a ɓangaren cibiya: manhajar ta rubuta cinikin a rumbu, wuta ta ɗauke kafin ta shaida wa dillalin, shi kuma ya sake miƙa saƙon idan ta tashi. Zaɓi biyu ne a gaban mai haɗa manhaja, ko dai saƙo ya ɓace wani lokaci, ko kuma ya maimaitu wani lokaci. A harkar kuɗi da magani, maimaituwa ce ake zaɓa, sannan a yi mata tanadi.

Tanadin shi ne kowane saƙo ya ɗauki lambar shaida wadda babu irinta, kamar UUID, kuma a ƙirƙire ta lokacin da aka yi cinikin, ba lokacin aikawa ba, domin in a lokacin aikawa ne kowane maimaici zai zo da sabuwar lamba. A cibiya sai a ajiye teburin lambobin da aka riga aka sarrafa, a hana rumbun karɓar lamba ɗaya sau biyu, a kuma rubuta lambar tare da cinikin a rubutu guda. Idan saƙo ya zo da lambar da aka sani, manhajar ta shaida wa dillalin ta karɓa, ta wuce ba ta taɓa lissafi ba. Shaidar karɓa kuma kullum bayan rumbu ya kammala rubutu take zuwa.

Wasu sukan ce matakin inganci na 2 a MQTT, wata ƙa'idar aika saƙo ta hanyar dillali, ya yi alƙawarin isar da saƙo sau ɗaya tak. Haka ne, amma alƙawarin ya tsaya ne tsakanin na'ura da dillali. Bai san abin da ya faru tsakanin manhajar cibiya da rumbunta ba, saboda haka teburin lambobin yana nan daram.

Wanne za mu zaɓa tsakanin RabbitMQ, Mosquitto da Kafka?

Asalin kowannensu yana nuna abin da ya fi iyawa. Ƙa'idar AMQP, wadda ake aika saƙo da ita, ta taso ne daga harkar banki, inda John O'Hara ya fara ta a JPMorgan Chase a 2003, RabbitMQ kuma, wanda aka rubuta da harshen Erlang aka fitar a 2007, an gina shi a kanta. Ƙarfinsa yana wajen rarraba aiki, da layuka, da shaidar karɓa, da kula da saƙon da ya gagara. MQTT ta girme shi, domin Andy Stanford-Clark na IBM da Arlen Nipper suka tsara ta a 1999 saboda sa ido kan bututun mai ta tauraron ɗan'adam, inda layin sadarwa yake da tsada kuma yake yawan yankewa. Wannan ne ya sa take da sauƙin nauyi, take kuma jure wa sabis mara ƙarfi, Mosquitto kuwa ƙaramin dillali ne da ke magana da ita. Kafka ya fito daga LinkedIn, aka sake shi ga jama'a a 2011, kuma tsarinsa daban ne, domin ba ya goge saƙo bayan an karanta, yana ajiye shi ne a dogon kundi har wa'adi ya cika, wanda a tushe kwana 7 ne.

Ga shagon da muke misali da shi, ra'ayina shi ne RabbitMQ, musamman da yake yana iya karɓar MQTT daga rassa ya zuba saƙonnin a layukan AMQP na cibiya. Mosquitto ya isa idan yawancin aikin sanarwa ce daga cibiya zuwa rassa. Kafka kuwa an yi shi ne domin sabar ta yi magana da sabar a cikin cibiyar bayanai guda, kuma haɗa kwamfutar kashiya da shi kai tsaye ta layin waya ɗaukar nauyi ne da babu dalilinsa.

Idan kashiya tana buƙatar amsa nan take, kamar ko akwai wani magani a reshen Terminus, yaya za a yi?

Ana iya yi ta dillali. Manhajar ta aika tambaya tare da lambar alaƙa da sunan layin da za a mayar mata da amsa, cibiya ta amsa da lambar nan, manhajar ta gane tambayar da aka amsa. Sai dai dole a sa wa'adin jira, a kuma sa wa tambayar kanta wa'adin mutuwa, domin amsar da ta iso bayan awa uku mai saye ya riga ya tafi wani shago. A ganina tambaya irin wannan ta fi dacewa da kiran HTTP na yau da kullum. Babu aibi manhaja ɗaya ta yi amfani da hanyoyi biyu, tambaya ta bi HTTP, labarin abin da ya riga ya faru ya bi dillali.

Yaya cibiya za ta tura sabon farashi zuwa duk rassa, alhali kwamfutocinmu ba su da adireshin intanet na kansu?

Kwamfutar reshe ce ke buɗe haɗin zuwa waje, dillalin kuma ya turo mata saƙo ta wannan haɗin, don haka ba a buƙatar adireshi na dindindin ko buɗe wata ƙofa a shago. Kowace kwamfuta tana samun layinta, mararraba ta zuba kwafin sanarwar a kowane layi, wadda ke kashe kuma ta tarar da nata idan aka kunna ta. Abin lura shi ne kwamfutar da aka daina amfani da ita. Layinta zai ci gaba da cika har ya cinye faifan dillalin, kuma RabbitMQ yana dakatar da duk masu aikawa idan sararin faifai ya sauka ƙasa da iyakar da aka sa, wadda a tushe megabait 50 ce kawai. Saboda haka a sa wa irin waɗannan layuka wa'adi da iyakar tsawo, kuma kwamfutar da ta daɗe a kashe ta nemi cikakken jadawalin farashi daga cibiya maimakon ta bi tsofaffin sanarwa ɗaya bayan ɗaya.

Yaya batun tsaro?

Kwamfutar shago ba wuri ne amintacce ba, domin hannaye da yawa suna taɓa ta, ana kai ta wurin mai gyara, wani lokaci ma ana sace ta. Don haka kowace kwamfuta ta sami nata suna da kalmar sirri, ta yadda idan ta Bukuru ta ɓace za a soke nata kawai. A kuma taƙaita izininta, ta iya rubutu a mararrabar ciniki, ta iya karanta layinta, kada ta wuce nan. Duk haɗin da zai bi intanet ya bi ta TLS mai ɓoye bayanai a kan hanya, wato ƙofa 5671 ga AMQP ko 8883 ga MQTT, a rufe 5672 da 1883 daga waje, shafin gudanarwa da ke 15672 kuma kada ya fuskanci intanet ko kaɗan. RabbitMQ yana zuwa da asusun baƙo wanda da gangan aka hana shi shiga daga wata na'ura. Wasu sukan cire wannan hani domin gwaji ya yi sauri, su manta da shi a haka, alhali abin da ya dace shi ne a goge asusun.

Cibiya kuma kada ta gaskata duk abin da saƙo ya ce game da kansa. Idan saƙo ya ce daga Terminus yake, a gwada da asusun da ya aiko shi. Akwai kuma nauyin doka, domin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 idan an sami ɓarakar da ka iya cutar da mutane. Sunan majiyyaci da maganin da ya saya suna zaune a layin dillali da kuma akwatin jiran fita kamar yadda suke zaune a rumbu, saboda haka abin da manhajar cibiya ba ta buƙata kada a saka shi a saƙo tun farko.

Ina ya kamata a ajiye dillalin, a ofis ko a sabar haya?

Ajiye shi a ofis yana nufin ɗaukar nauyin wuta, da sola ko janareta, da layin intanet mai adireshi na dindindin, kuma ranar da ofishin ya rasa ɗaya daga ciki duk rassa sun yanke. Sabar haya ta sauke wannan nauyi, amma idan tana Turai to saƙon da zai tashi daga Bukuru zuwa Terminus sai ya tsallaka teku ya dawo. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da dama, ciki har da WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma ayyuka da yawa a Nijeriya sun tsaya ko sun yi tafiyar hawainiya. Wannan hujja ce mai ƙarfi ta neman cibiyar bayanai a Abuja ko Legas idan aljihu zai ɗauka, hujja ce kuma ta akwatin jiran fita ko a ina dillalin yake.

Game da yawan sabar, ƙaramin kasuwanci zai iya farawa da guda ɗaya matuƙar rassa suna iya jira. Wanda yake son dillalin ya ci gaba da aiki ko da sabar ɗaya ta faɗi, sai ya yi amfani da layukan rinjaye da RabbitMQ ya kawo a fitowa ta 3.8 a 2019, waɗanda ke buƙatar aƙalla sabar uku domin biyu su zama rinjaye idan ɗaya ta mutu. Kada a raba waɗannan ukun tsakanin rassa ta layin waya, domin an tsara su ne su zauna kusa da juna a kan haɗi mai ƙarfi.

Me ke faruwa da saƙon da manhajar cibiya ta kasa sarrafawa?

Idan aka bar shi, zai dawo layi, a sake ɗauka, a sake faɗuwa, ya tare wa na bayansa hanya. A tanadi layi na musamman da ake tura saƙon da ya gagara bayan an gwada sau kaza, a kuma sa wani mutum takamaimai ya riƙa duba shi, domin kowane saƙo a wannan layi ciniki ne da aka yi wanda bai shiga lissafi ba.

Rassanmu ba sa sabunta manhaja lokaci guda. Hakan zai kawo matsala?

Zai kawo idan ba a yi shiri ba, domin sabar ana sabunta ta cikin dare ɗaya, kwamfutar reshe kuwa takan yi watanni da tsohuwar manhaja, kuma akwatinta yana iya ɗauke da saƙonnin da aka rubuta da tsohon tsari. Kowane saƙo ya ɗauki lambar tsarinsa, cibiya ta ci gaba da fahimtar tsohon har sai an tabbatar babu mai aiko shi, sabon bayani kuma a ƙara shi ba tare da canza ma'anar wanda ke nan ba. Haka nan kada a dogara da agogon kwamfutar reshe wajen jera abubuwa, domin idan batirin cikin allon kwamfuta ya mutu kwanan wata yakan koma shekarun baya. Lambar jeri da kowace kwamfuta ke ƙarawa ɗaya bayan ɗaya ta fi agogo aminci, tana kuma nuna wa cibiya idan wani saƙo ya yi tsalle.

Akwai lokacin da bai kamata a yi amfani da dillali ba?

Akwai. Idan shago ɗaya ne da kwamfutoci uku a ɗaki guda, rumbun bayanai a kan haɗin cikin gida ya wadatar. Idan rassa biyu ne kuma manhaja ɗaya ce kawai ke karɓar bayanan a cibiya, akwatin jiran fita da kiran HTTP mai lambar shaida za su yi kusan duk aikin, ba tare da ƙarin sabar da za a riƙa sabuntawa, da takardar TLS da za ta ƙare, da faifan da za a riƙa sa wa ido ba. Dillali yana fara biyan kuɗinsa ne idan manhajojin cibiya sun kai biyu ko uku masu buƙatar labari ɗaya, ko cibiya tana yawan tura sanarwa zuwa rassa, ko kuma ciniki yakan zo da yawa lokaci guda fiye da yadda sabar za ta iya haɗiyewa. Kafin a girka shi, a tambayi mai harkar wanda zai amsa waya idan layi ya cika ranar Asabar da yamma, a rubuta sunan wannan mutum da kuɗin aikinsa a cikin yarjejeniyar kula da manhajar.